Zuciyar Rago a Kan Tebur

Tun da aka kafa dokar sanya wa yara tabarau, babu yaron da ya sake cin karo da mugun abu a intanet. Tabarau ɗin ne ke nuna darasi, shi ne kuma ke rufe duk wani abin tsoro da hoton fure. Malama Kulu, mai koyar da kimiyya a Funtuwa, ba ta ƙi dokar ba. Sai dai darasin yau a kan zuciya ne, kuma fure ya rufe hoton.

Da safe ta biya ta kwata.

"Malama, farfesu za a yi?" in ji Tanko mahauci, yana ƙulle mata zuciyar rago a leda.

"Karatu za a yi, Malam Tanko."

A aji ta ɗora ta a faranti. "Me kuke gani?"

"Fure, Malama!"

Ashe har abin da ke kan tebur tabarau ke rufewa. Cire shi kuwa laifi ne da zai raba ta da aikinta.

Ta gyara mayafi. "Zilai, zo. Rufe ido, miƙo hannu."

Yarinyar ta laluba, yatsanta ya shige wata jijiya. Ta zabura. "Malama, akwai rami!"

"Ta nan jini ke fita. Irinta ce ke bugawa a ƙirjinki."

Zilai ta dafe ƙirji da ɗaya hannun.

Malama Kulu ta dubi sauran. "Ku yi layi. Dokar ba ta hana taɓawa ba tukuna."