Kitsen da Kawu Ya Ɗura wa Tarwaɗa

Shekara biyu cur wata mata da ake kira Uwar Tarwaɗa ta yi tana rainon iyayen kifin tarwaɗa goma sha huɗu a tankin siminti na bayan gidanta. Ba na ci ba ne, na ƙwai ne. Mata tara na ƙungiyarsu suna jiran 'ya'yan kifin, kowacce ta gina tankinta ta wanke.

Sai aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti a wani gari. Dole ta bar kifin a hannun kawun mijinta, tsohon mai kiwon raguna a turke, mutumin da ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa ba.

Ta nuna masa jarka biyu, ta man kifi da ta man waken soya.

"Kawu, don Allah duk kwaɓin abinci a zuba ludayi ɗaya na kowanne. Su ke gina ƙwan da ke cikinsu."

"Ke 'yar nan, ina kiwo tun ba a haifi mijinki ba. Je ki kawai."

Ko mako ba a yi ba ya ce man kifin ƙarni yake yi, kifayen kuma a rame suke kamar marayu. Ya tura jarkokin ƙarƙashin benci, ya kwaso kitsen shanu a wurin abokinsa mahauci, yana narkawa yana kwaɓa musu. Kifi suka yi ɓulɓul. Har maƙwabta yake kira su zo su ga aikin manya.

Bayan wata uku ta dawo. Ta yi wa uwa huɗu allurar sakin ƙwai, washegari ta matse su. Ƙwan ya fito ɗan kaɗan, fari fat, yawancinsa ya ruɓe a kan raga. 'Yan da suka ƙyanƙyashe bayansu a lanƙwashe yake, suna ta juyi wuri ɗaya. Kwana huɗu, babu ko ɗaya mai motsi.

Ta gwada wasu huɗu, haka. Da ta yanka guda, sai ga kitse ya lulluɓe hanta da jakar ƙwai.

"Kawu, me ka ba su?"

"Abin da ke sa dabba ta yi kyau. Maimakon ki gode."

"Na ce maka ƙiba nake nema? Ludayi biyu fa na roƙe ka, Kawu, har da don Allah."

"To, ba rabo. Allah ne bai nufa ba."

Wannan maganar ta fi asarar ciwo. Mutum ya ɓata da hannunsa, sannan ya jingina wa ƙaddara don kada a ce ya yi kuskure. Mijinta kuwa, maimakon ya yi wa kawunsa magana, sai cewa ya yi, "Ki yi haƙuri, babba ne."

Matan ƙungiya ba su yi haƙurin ba. Tankunansu a bushe suke, suka koma wurin wani mai ƙyanƙyasa. Iyayen da suka rage ta zuba su a baho ta kai wa mai bandar kifi, tana tsaye ya yanka su.

Mai karatu, abin da uwar kifi ta ci shi take zuba wa ƙwanta, kuma ba kowane maiƙo ne ke gina ƙwai ba. In an ba ka amanar aikin da ba ka sani ba, bi umarnin mai shi. Furfura tana jawo girmamawa, amma ba ta zama ilimi.