Makullin Bawul na Tara

Ƙarfe sha ɗaya da kwata allon kwamfutar ɗakin lura ya yi ja. Matsin man da ke cikin bututu ya ɗan sauka kusa da bawul na tara, ɗaya daga cikin mabuɗan bututun, bayan minti shida ya koma daidai.

Injiniyar ɗakin lura ta tsura wa allon ido. Sati biyu ke nan da kamfani ya kafa sabuwar na'ura mai gano yoyo komai ƙanƙantarsa, kuma doka ce duk ƙarar da ta yi a rubuta a littafi. Sai dai mutum ɗaya ke riƙe da makullin wannan bawul: kawunta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta.

Ba ta rubuta ba. Ta ce wa kanta sabuwar na'ura ce, ba mamaki shirme take yi.

Ranar Laraba abin ya maimaitu, daidai wannan lokacin. Ta taga ta hango Kawu yana wanke hannu da kananzir, bakin wandonsa baƙi ƙirin. A gida matarsa ta yi mata ƙorafin kwanan nan waya yake yi a ɓoye, ana shigowa sai ya katse. Da injiniyar ta tambaye shi ko lafiya, ya yi dariya ya ce tsufa ne kawai, amma bai yarda sun haɗa ido ba.

Ta san inda ake kai masu satar mai. Ranar Juma'a da allon ya sake yin ja, ta waiga ƙofa, ta goge ƙarar daga allon.

Ranar Litinin manaja ya kira ta ofis. Ya ajiye takardar da aka ciro daga cikin na'urar, ƙara uku, kusa da littafinta da babu komai a ciki. Ya tambaye ta wa take karewa. Ta sunkuyar da kai, ta ƙudurta ko za a kore ta ba za ta ambaci sunansa ba.

Sai Kawu ya shigo, ya miƙa takardar gwajin sabuwar na'urar mai ɗauke da sa hannun manajan, da lokutan da aka umarce shi ya buɗe bawul ɗin. Bai dube ta ba.

"Laifina ne, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ni na ce a yi gwajin a lokacin aikinta. Na rantse maka ita kam ko ni ne ba za ta rufa wa asiri ba."