Arahar da Shitu Ya Ɓoye

Shitu ya daɗe yana sayen kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma ya riƙe ɗabi'ar 'yan kasuwar garin gam: in ka sami masana'anta mai araha, ko wanda kuke cin abinci kwano ɗaya ba ka gaya masa.

Wata rana wani Basine ya buɗe masa sito maƙare da kofunan roba na sha-ka-yar da tsinken shan lemo. Farashin ko na kwalin bai kai ba. Shitu bai tambayi dalili ba. Ya ɗauka Allah ne ya dube shi, shi kaɗai, cikin duk masu sallah a birnin.

Ussif, ɗan Gana mai loda kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha, ya ɗaga kwali ɗaya da hannu guda.

"Alhaji, iska ka saya? Mene ne a ciki?"

"Kayan gida ne."

"Faɗa mini mana. Ni ba na kasuwarka."

"Kai dai ka loda."

Legas kayan suka nufa, shagon da mahaifinsu ya bari. Ƙanensa Sabiru ke riƙe da shi, kuma daga nan mahaifiyarsu da yaran gidan suke ci. Shi ma Sabiru bai san me ke tafe ba sai da ya yanka kwali. Ya kira nan take.

"Yaya, an fa hana sayar da waɗannan a nan. Har a rediyo ana faɗa."

"Ana faɗa dai. Jibge su a ƙuryar shago, masu zoɓo da kunun aya za su kwashe."

Sabiru bai taɓa musu da yayansa ba. Ya jibge.

Masu zoɓo ba su kwashe ba. Jami'an tsafta ne suka kwashe. Suka garƙame shagon da kwaɗo, suka sa Sabiru a mota a gaban maƙwabtan da suka san mahaifinsa. Tsohuwa ta kira Shitu. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Gara da Malam bai ga wannan ranar ba."

Bayan sallar Juma'a Shitu ya sami Ussif, ya faɗa masa abin da ke cikin kwalayen.

Ussif ya ce, "Basinen nan mai sito? Ba wanda bai bi ba a cikinmu, kowa ya ƙi. Nan ma an hana tsinken, shi ya sa yake neman inda zai zubar. Alhaji, da ka buɗe baki sau ɗaya!"

Sirrin da Shitu ya yi ta gadi, duk masallacin an san shi. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Jama'a, kafin ku sayi kaya, ku tambayi dokar garin da za a sayar da su, ku tambayi dalilin araha. Wanda ya ɓoye cinikinsa ga 'yan'uwansa ya rufe bakin masu yi masa gargaɗi, kuma sau da yawa shagon wani ake rufewa saboda shi.