Ba a Maimaita Zaure

Tun da ƙaramar hukuma ta hana kwanan titi, kowane zaure a garin ya zama masaukin marasa gida. Sai dai ba a kwana a inda aka taɓa kwana, don kada baƙo ya zama ɗan gida. Warwaro mai na'ura da hukuma ta ɗaura wa mutum a hannu ne ke faɗa masa masaukinsa da la'asar.

Yau warwaron ya kai Malam Ɗanjuma, tsohon direba, gidan da aka haife shi, wanda aka sayar bayan rabon gado. Ya tsaya ko zai ji wani abu a ransa, bai ji komai ba.

Matar gidan ta fito da tabarma. "Baba, ƙyauren yana cijewa, sai an..."

Kafin ta ƙarasa ya ɗaga shi da gwiwa, ya tura.

Ta dube shi. "Ka taɓa kwana a nan ne?"

Warwaron yana sauraro, ga hadari ya haɗo. In ya ce e, ya rasa masauki.

"A'a, 'yata," in ji shi. "Ban san gidan ba."

Ya shimfiɗa tabarmar a inda mahaifinsa yake sauke baƙi.