Baba Ya Kori Ƙugiya

Auta ya tsaya gaban allon da mahaifinsa ya gama rubutawa, ya ji kansa ya ɗau zafi. Manyan haruffa ne ɓaro-ɓaro, amma ko ƙugiya ɗaya babu. Ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ma an aske mata kai.

Shekarun da ya yi a ƙasar waje, ba abin da ya yi kewa kamar 'yan ƙugiyoyin nan. A wannan shagon rubuta alluna ya koye su, da dungurin Baba a ƙeya duk ranar da ya manta ɗaya. Sai ga shi ya dawo ya tarar mai dungurin ya juya musu baya.

"Baba, allon makaranta ne fa. Yara za su gani."

"Su gani mana! Buɗe wayarka, wa ke sa ƙugiya yanzu? Harshe tafiya yake yi, ɗan nan. Kai da ka hau jirgi, kai ne ka dawo da tsohon kai?"

Shugabar makarantar ta riga ta ja kunne: kuskure ɗaya, ta sauya shago. Sauran makarantun kuwa ita suke bi. In ta tafi, sai dai a sa wa shagon kwaɗo.

Ba a rubutu kaɗai Baba ya sauya ba. Ya daina karanta jarida, wai ƙarya ce zalla. Ya jingine kekensa, wai tafiyar ƙasa ta fi lafiya. Ya kafa doka kada wanda ya gusar masa da gwangwanin fenti daga mazauninsa. Tun daga tela har mai gyaran rediyo, kowa a layin ya yi wa gemun da Auta ya dawo da shi tsiya, amma Baba, sarkin tsokana, bai ce uffan ba.

Auta ya lallaɓa, ya kawo hujja, har Umma ya haɗa shi da ita. Ita kuwa sai ta kawar da kai ta ce, "Bar shi, Auta."

Ba zai bari ba. Da sassafe ya riga kowa zuwa shago, ya ɗauko farin fenti ya yi abin da ya ga ya dace, ya mayar da gwangwanin daidai inda yake. Ya zauna yana jiran fenti ya sha iska, yana kuma jiran faɗa.

Sai ga Baba ya shigo, shugabar makaranta na biye da shi. Ya wuce kai tsaye gaban allon, ya dafa ƙugu, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Malama, ga aikinki. Ban sa ƙugiya ba, kuma ba zan sa ba! Dubi yadda haruffan nan suka miƙe sambal. Akwai kalmar da ta gagare ki karantawa a nan? Nuna mini!"

Malama ta dubi allon, ta dubi Auta. Shi kuwa Auta, idanun Baba ya tsaya yana kallo.

Allon da Baba ke nunawa da yatsa fari ne fat, ko ɗigo babu a kansa.