Magini da Ɗan Kokawa a Ɗakin Masu Ciwon Gwiwa

Tunda likita ya ce sai an yi maka aiki a gwiwa, zauna ka ji labarin wasu mutum biyu. Wani magini ne ya diro daga kan tsani, ƙafarsa ta murɗe, ya ji ƙas. Da aka ɗauki hoto sai aka ga jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke. Ya tambayi likita ko aikin zai mayar da ita yadda take. Likita ya gaya masa gaskiya, cewa wasu kan warke sarai, wasu kuma ɗingishi kan bi su har tsufa, kuma rabin aikin yana hannun mai ƙafar. Magini ya yi dariya ya ce, "Ba laifi. Ni ma in na yi katanga ba na rantsuwa a kan damina." A gadon da ke kusa da nasa akwai wani ɗan kokawa, ciwonsu iri ɗaya, rana ɗaya aka yi musu aiki, har suka saba suna cin tuwo a kwano guda.

Bayan sati shida ɗan kokawa ya ji kumburi ya sace. Ya jefar da sanda, da ya ji kiɗa a dandali ya ɗaura warki ya shiga. Kamun farko gwiwar ta sake ɓallewa, aka kwaso shi a a-daidaita-sahu. Shi kuwa magini kullum da safe yana kan tabarma, yana miƙe ƙafa yana lanƙwasawa kamar yadda aka koya masa, matarsa tana tsokanarsa wai ya koma koyon tatata da gemunsa. Wata uku yana sallah a zaune. Ayyukan gini biyu suka wuce shi yana gani, ya haɗiye. A wata na tara ya hau gini. Gwiwar takan yi masa tsami in hadari ya haɗu, sai ya ce ya samu mai gaya masa lokacin rufe siminti. Abokinsa ma ya warke bayan aiki na biyu, amma sai da ya ƙara shekara guda cur, magini yana zuwa yana riƙe masa kafaɗa suna zagaya tsakar gida.

To ka ji. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.