Ranar da Na Riƙe Kan Kaka

Ina 'yar shekara tara, zamanin Turawa, yanar ido ta rufe idanun Kaka har suka yi fari kamar nono. An ce akwai likita a Kano mai cire ta, amma Kano ta yi mana nisa, ga Kaka ta shekara biyu ko zauren gidanmu na Potiskum ba ta leƙa ba. Sai aka kawo wani mutumin Borno mai ture yana da allura.

Bayan azahar ne, maza duk suna kasuwar shanu. Ya zaunar da ita a tabarma, ya ce in riƙe mata kai.

Na ce, "Kaka, tsoro nake ji."

Ta lalubo hannuna ta ɗora a goshinta. "Ko na yi ihu, kada ki sake ni. Na gaji da zaman ɗakin nan."

Ta kuwa yi ihun. Ƙafafuna suna so su gudu, amma ban sake ta ba.

Kwana uku tana ganin inuwarmu, daga nan idon ya kumbura, ya mutu gaba ɗaya.

Yanzu da na tsufa, yanar ta kama nawa idon. Jikata ta ce a asibiti cire ta ake yi, ba turewa ba, kuma za ta raka ni. Na yarda, amma na ce ta jira ni a waje.